Ƙofar Baya

A Aboabo, bayan masallacin da ba a gama ba,
akwai benci mai ƙafa uku, dutse ne ta huɗunsa.
Nan Kawu Iro mai gyaran agogo yake zama,
nan Agya Bonsu, tsohon katikis, yake samunsa,
Baibul a leda, don ruwan Kumasi ba ya sallama.

Shekara talatin suna kan magana ɗaya.
Kawu ya ce: "Bai haifa ba, ba a haife Shi ba."
Agya ya ce, da Hausar zango mai ƙamshin Tonanci:
"Iro, Wanda ya yi rana, shiga jiki zai gagare Shi?"
"Ba a gicciye shi ba, kama aka sauya."
"To uwar da ke tsaye gindin itacen, ba ta san ɗanta ba?"
Sai a ɓare goro biyu.
Kokon da suka saya ya huce a kofi.

Ran da na zo da akwatin sanyi a kafaɗa,
farar riga, littafin sunaye, allurar ƙyanda,
na ga abin da ban taɓa gani ba:
bakinsu ya zo ɗaya.

Agya ya ce: "'Yata, a ƙauyenmu, zamanin kakana,
Turawa sun zo da kwalabe,
suka ɗebi jinin gari, suka rubuta, suka tafi.
Har yau ba wanda ya dawo ya ce ga abin da aka gani."
Kawu bai ɗago daga cikin agogo ba:
"Gwamnati ta taɓa rubuta sunan ubana.
Ba a jima ba sai ga mota, wai baƙi su fita,
shi da aka binne cibiyarsa a garin nan.
Kwatar can shekara nawa tana wari?
Wanda bai ba ka ruwan famfo ba
ya biyo ka har gida da magani kyauta?
In ka ga kura na rabon nama, ƙirga awakinka."
Agya ya ce amin. Kawu ya ce amin.
Amin ɗin ma iri ɗaya.

Me zan ce? Na karanta abin da na karanta.
Na ga yaron da ƙyanda ta cinye wa ido.
Amma ni ma a kan benci uwata ta cika,
a babban asibiti, tana jiran gado, kati a hannu,
kuma rubutun da ke jikin kwalbar nan
ba a garinmu aka buga shi ba.
Na rufe akwati, na koma kilinik.
Ni ke da kwana ranar.

Bayan isha'i aka taɓa ƙofar baya.
Kawu ne, jikarsa Azumi na barci a kafaɗarsa.
"Ba don na yarda da su ba. Hannunki na sani.
Yi bisimilla. Kar Batonen nan ya ji."

Da asuba, kafin ladan ya gyara murya,
aka sake taɓawa. Agya, ya yafa zane,
yana jan Kwadwo ƙarami mai silifa ɗaya.
Ya zana gicciye a damtsen yaron, daidai wurin,
ya ce: "Iro zai yi mini dariya har kabari.
Ki kama bakinki."

Na kama.

Yanzu da hantsi ina wucewa, suna nan,
an koma kan Uku da Ɗaya, da wa zai ceci wa.
Can gefe yara biyu na wasa da marfin kwalba,
kowanne na sosa damtsen hagu.
Kawu ya gani. Agya ya gani.
Kawu ya kara agogo a kunne, ya daɗe yana saurare.
Agya ya kwance leda, ya lashi yatsa,
ya ce: "Ina muka tsaya jiya?"